Alawar kwakwa da ceri mai rufin cakulan: amsa ga wata 'yar'uwa daga Argungu

Tambayar ta zo daga wata matar aure a Argungu, ga ta a taƙaice: "Anti, barka da aiki. Ƙanen maigidana da ke karatu a Ostireliya ya zo hutu da tsarabar wani cakulan, cikinsa kwakwa ce da wani jan abu mai ɗan tsami, ya ce ceri ne. Na gwada yi sau biyu. Na farko cikin ya yi ruwa ya ƙi yankuwa, kwana biyu ya yi tsami. Na biyu ina cikin narka cakulan ɗin ya dunƙule kamar tuwo, ɗan abin da na samu na rufe kuma da na ciro shi daga firij sai ya yi fari-fari. Ina so in yi don bikin ƙanwata, in ya yi kyau in riƙa sayarwa. A ina na kuskure?"

Ƙanwata, barka kadai, Allah ya sa albarka a bikin. Na ji daɗin yadda kika faɗi abin da ya faru dalla-dalla, domin da jin bayaninki na gane inda gizo ke saƙar. Matsaloli uku kika lissafa, amma tushensu ɗaya ne, wato ruwa. Ruwa ne ya hana cikin yankuwa ya kuma tsamar da shi, ruwa ne ya dunƙule miki cakulan, ruwa ne kuma ya sa masa farin nan. Sai zafin garinmu ya zo ya ƙara wa Borno dawaki.

Abin da aka kawo muku, bisa yadda kika siffanta shi, Cherry Ripe ne. Tsohon cakulan ne a Ostireliya, kamfanin MacRobertson's ya fara yin sa a 1924, daga baya Cadbury ya saye kamfanin a 1967 ya ci gaba da yi. Ɗan'uwansa da muka fi gani a kantunanmu shi ne Bounty, wanda kwakwa ce zalla ba ceri. Na kawo wannan ne don ki lura da abu ɗaya: masu rubuta yadda ake yin sa a gida galibi mutanen ƙasashen da firij ba ya mutuwa ne. Sai su ce ki cakuɗa kwakwa da madara, ki saka a firij awa biyu, ki yanka. Sanyi ne ke riƙe musu alawar. Mu da ke Kebbi, inda a watan Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40 kuma wuta na iya tafiya da azahar sai bayan isha'i, dole alawar ta iya tsayawa da ƙafarta. Shekarun da na yi ina wannan sana'a a Birnin Kebbi, duk gyaran da na yi wa wannan haɗin a kan haka ya tsaya.

Mu fara da kwakwa, don ita ce rabin aikin. Na tabbata ɗanyar kwakwa kika goga kika zuba kai tsaye. Naman ɗanyar kwakwa kusan rabinsa ruwa ne, kuma da zarar an goga shi, a zafin nan ba ya kwana biyu bai canja ba. Ga madara kuma kin haɗa masa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ake buƙata shi ne busasshiyar kwakwa, fara tas, wadda in kin damƙa ta a hannu kika saki za ta warwatse. Ana sayar da ita a leda a shagunan kayan kek, amma ki shinshina kafin ki biya. Man kwakwa in ya daɗe a shago mai zafi yakan yi wani wari kamar na tsohon sabulu, kuma babu yawan cakulan da zai ɓoye shi.

Ni na fi son in busar da tawa. Ki samu kwakwa biyu manya waɗanda in kin girgiza za ki ji ruwa na motsi a ciki. Ki fasa, ki ɓamɓare naman, ki kankare baƙin bayan da wuƙa har ya zama fari, ki wanke ki tsane da tsumma mai tsabta. Ki goga a ƙananan ramukan magogi, ba manyan da ake yi wa kwakumeti ba, domin manyan zare-zare suna tsire wa cakulan su huda shi. Sai ki baza a faranti, kada ya yi tudu, ki saka a obin mai ɗan ɗumi, digiri 90 zuwa 100, kina juyawa duk bayan minti goma, har kusan awa ɗaya. In ba obin, ki zuba a busasshen kasko mai kauri a kan wuta ƙasa-ƙasa, ki tsaya a kai kina juyawa. A nan ne masu hannun kwakumeti ke yin kuskure, domin sun saba jira sai ta yi ja. A wannan aikin in ta fara ja kin wuce wuri. Da hunturu za ki iya shanya ta a rana, awa huɗu ko biyar sun isa, amma ki lulluɓe farantin da siririn mayafi saboda ƙura da ƙudaje. Kwakwa biyu za su ba ki abin da ya kai giram 250 bayan ta bushe, kimanin kofi uku ke nan.

Sai ceri. Itacen ba ya yi a ƙasarmu, domin yana buƙatar sanyin hunturu mai tsanani kafin ya yi fure, Turkiyya ce kuma kan gaba a duniya wajen noman sa. Wanda ke zuwa mana iri biyu ne. Akwai na gwangwani ko kwalba da ke iyo cikin ruwan sukari, wannan ki bar shi, ruwansa ya yi yawa. Akwai kuma jajaye masu sheƙi da danƙo waɗanda ake sawa a kek ɗin biki, an cire musu ƙwallo an jiƙa su a sukari har sukarin ya maye gurbin ruwan jikinsu. Su ake nufi. Giram 200 za ki nema. Ki ɗauraye su da ruwan ɗumi don danƙon ya fita, ki tsane su sosai a tsumma, ki bar su su sha iska, sannan ki yanka rabi ƙanana-ƙanana, sauran rabin ki daka ko ki markaɗa. Markaɗaɗɗen shi ke ba cikin launin ja-ja, yankakken kuma shi ake ji a haƙori.

Ki karanta jikin ledar ko kwalbar kafin ki saya, wannan ba na wasa da shi. A Turai akwai ceri da ake jiƙawa cikin giya, kuma da yawa daga masu koyar da wannan alawar a intanet sukan zuba giyar ceri cokali ɗaya ko biyu a haɗin. Mu ba ruwanmu da wannan. Haka ruwan ƙamshin banila, wani da sinadarin barasa ake haɗa shi, akwai kuma wanda babu, ki tambayi mai shago ya nuna miki. Wani jan launin da ake rina kayan zaƙi da shi, mai lamba E120, daga jikin wani ƙwaro ake samo shi, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Ni dai ina kauce masa, don abin da zan sayar wa mutane gara ya zama wanda ba sai na yi dogon bayani ba.

In ceri ya yi wuyar samu a Argungu, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin ribar, ga abin da nake yi, kuma wasu masu sayena sun fi son sa. Ki dafa zoɓo mai kauri sosai, hannu biyu na zoɓo a kofi biyu na ruwa, ba citta ba kanumfari. Ki tace, ki mayar da ruwan kan wuta da sukari kofi ɗaya har ya ƙone ya koma kamar zuma. Ki yanka busasshen dabino ƙanana, giram 150, ki zuba a ciki ya yi minti biyar yana ɗan tafasa, ki sauke ki bar shi ya kwana. Da safe ki tsame ki baza ya sha iska. Dabinon zai yi ja har ciki, ya ɗauki tsamin zoɓo. Ba zan ce miki ceri ne ba, kuma in za ki sayar kada ki kira shi ceri, ki ce na dabino da zoɓo ne. Amma aikin da ceri ke yi a wannan alawar, wato ya kawo ɗan tsami da zai karya zaƙin madara, zoɓo na yin sa har ma ya fi, domin cerin kek ɗin nan zaƙinsa ya fi tsaminsa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ko da ceri na gaske nake aiki, nakan ƙara cokali biyu na zumar zoɓon nan.

Madara kuma, a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Madarar gwangwani ta ruwa wadda masu shayi ke hudawa ba ita ba ce. Wadda ake so ita ce mai kauri mai zaƙi, wadda ake ce wa kondens, in kin ɗaga cokali za ta sauko a hankali kamar zuma. Sukarin da ke cikinta ya haura kashi 40 cikin ɗari, kuma shi ne ke hana ta saurin lalacewa. In ba ki samu ba, ki haɗa taki: ki tafasa ruwa sulusin kofi, ki narka sukari kashi biyu bisa uku na kofi da bota cokali biyu a ciki, ki sauke, ki zuba madarar gari kofi ɗaya kina bugawa har gudajin su mutu. In ta huce za ta yi kauri. Giram 300 ya ishe ki. Masu yi a ƙasashen sanyi sukan juye gwangwani guda mai kusan giram 400, amma a nan zai yi laushi da yawa.

Yanzu ga gyaran da ya fi kowanne muhimmanci, wanda ba za ki gani a bidiyoyin waje ba. Ki dafa cikin. Ki zuba madarar a tukunya mai kaurin gindi, wuta ƙasa, ki sa gishiri ɗan kaɗan a bakin yatsu, in ta yi ɗumi ki juye kwakwar ki yi ta juyawa da muciya. Cikin minti huɗu zuwa shida za ki ga haɗin ya fara barin jikin tukunya yana haɗe kansa, kamar yadda tuwon madara ke yi in ya kusa. Ki ɗebo kaɗan ki bar shi ya sha iska, ki mulmula. In ya dunƙule bai manne miki a tafin hannu ba, ya yi. Sai ki sauke ki zuba ceri ki juya. Kada ki dafa har ya yi launin ƙasa, kada kuma ki bar shi ya bushe ƙayau, domin in ya huce zai ƙara tauri, sai ki tashi da gullisuwa maimakon alawa mai laushi. Wannan 'yar dahuwar tana korar sauran ruwan, tana kuma sa kwakwar ta shanye madarar, sai ki ga ya yanku ko da firij bai yi sanyi ba.

Ki shimfiɗa takardar gashi a faranti mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe, ki juye haɗin tun da ɗuminsa. Ki danna shi da ƙarfi, da gindin kofi ko bayan cokali, har saman ya yi sumul. Dannawar nan kada ki yi mata ha'inci, don duk inda aka bar rami a nan zai ɓare lokacin tsomawa. Ki rufe ki ajiye ya huce sarai, awa uku a ɗaki ko awa ɗaya a firij. Sai ki ciro ki yanka gida uku ta wannan gefen, gida takwas ta ɗayan, ki samu guda 24. Ki riƙa goge wuƙar bayan kowane yanka. Nakan bar yankakkun su kwana a faranti an lulluɓe su da tsumma, don fatarsu ta ɗan bushe, cakulan ya fi kama su.

To, mun zo kan cakulan, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Da farko, Milo da Bournvita ba cakulan rufi ba ne. Garin sha ne, akasarinsa sukari da madara da sinadarin hatsi, in kin kwaɓa shi da ruwa ko mai ba zai taɓa daskarewa ya yi ƙaras ba. Haka haɗin garin koko da man kwakwa da ake yawan nunawa. Man kwakwa yana narkewa tun daga digiri 24 zuwa 25, wato a Kebbi kusan duk shekara ruwa ne. Za ki ciro daga firiza ya yi kyau, kafin ki kai shi falo ya zama miya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Cakulan da ake narkawa iri biyu ne. Na asali, man da ke cikinsa man koko ne, wanda ke narkewa a kusan digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Abin da ya sa yake narkewa a baki da daɗi ke nan, abin da ya sa kuma yake wahalar da mu. Na biyu shi ne wanda masu shagon kayan kek ke kira "compound": garin koko ne da sukari, amma an cire man koko an sa wani mai, galibi man ƙwallon kwakwar manja da aka sarrafa don ya fi jure zafi. Ki duba jerin kayan haɗin a bayan leda za ki gane wanne ne a hannunki. Ba zan ɓoye miki ba, na asali ya fi daɗi, na biyun yakan bar ɗan maiƙo a dasashi. Amma ga mai farawa a Argungu, kuma don biki inda za a ajiye kaya a ɗakin da ya cika da mutane, na biyun za ki saya. Ya fi araha kuma, musamman a 2024, lokacin da farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan kowane tan. Abin yana damuna duk lokacin da na tuna cewa a Ondo da Osun da Kuros Riba ake noma kokon nan, a fitar da shi ɗanye, mu kuma mu sayo shi a leda da tsada. Ki zaɓi baƙi mai ɗan ɗaci, kada ki ɗauki mai madara, domin cikin ya riga ya yi zaƙi. Giram 450 zuwa 500 zai rufe guda 24 har ya ɗan rage.

Dunƙulewar da ya yi miki, ɗigon ruwa ne ya shiga, ko tururi. Cakulan ba ruwa a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin sukari da koko ne ke yawo cikin mai. In ɗigo ɗaya ya faɗa, sukarin da ke kusa sai ya jiƙe ya manne da na kusa da shi, nan take duk kwanon ya koma tuwo. Kin san yadda jiƙaƙƙen cokali ke yi in aka tsoma shi a gwangwanin sukari, to haka ne. Saboda haka kwano da cokali da hannunki su bushe ƙayau. Kada ki yi aiki da muciyar katako, tana riƙe damshi, ki ɗauki cokalin ƙarfe. Ki daddatsa cakulan ɗin ƙanana ki zuba a kwanon silba ko na tangaran. Ki tafasa ruwa kaɗan a tukunyar da bakinta bai kai faɗin kwanon ba, ki kashe wutar, sannan ki ɗora kwanon ya toshe bakin tukunyar ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. Zafin da ya rage ya isa. Kada ki rufe kwanon da murfi, gumin murfin zai ɗiga ciki. In kin sauke, ki goge gindin kwanon da tsumma kafin ki matso da shi kusa da alawar. Wuta kai tsaye kuma tana ƙona shi, ya yi tsaki-tsaki da ɗaci, wannan ba ya gyaruwa.

In ya yi kauri da yawa, ki sa man gyaɗa mara ƙamshi ƙaramin cokali ɗaya, kada ki wuce biyu, don yana rage masa tauri. Bota ba ta dace ba, akwai ruwa a cikinta. Wanda ya riga ya dunƙule kuma kada ki zubar: ki zuba masa madara mai zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa, zai saki ya zama miyar cakulan ta zubawa a kan kek ko fanke. Rufi ne dai ba zai ƙara yi ba.

In wata rana kika so gwada na asali, sai kin yi masa abin da nake kira horo, kuma sai da ma'aunin zafi. Man koko yana daskarewa ta siffofi daban-daban, ɗaya ce kawai ke ba da sheƙi da ƙaras ɗin nan. Ki narka kashi biyu bisa uku har ya kai digiri 45 zuwa 50, ki sauke, ki zuba sauran da ba a narka ba kina juyawa har ya sauko 31 zuwa 32, a nan za ki yi aiki da shi. Ki gwada a bakin wuƙa, in ya daskare cikin minti biyar da sheƙi, ya horu. Kin ga matsalar da kanki: ɗakin da zafinsa ya kai 35 ba zai bar cakulan ya sauko 31 ba. Shi ya sa ni ba na taɓa na asali sai a Disamba da Janairu, bayan sallar asuba, lokacin da sanyin hunturu ke sauka ƙasa da digiri 20 kuma iska a bushe take. Sauran watanni, sai in akwai ɗaki mai na'urar sanyaya wuri.

Wajen tsomawa ki nemi mai taya ki, ɗaya na tsomawa ɗaya na jerawa. Alawar ta kasance da sanyin ɗaki, kada ki ciro ta daga firiza ki tsoma. In ta yi sanyi da yawa za ta yi gumi, gumin ya shiga kwanon, ga shi kuma rufin zai tsage in cikin ya dawo daidai. Ki ɗora guda a kan cokali mai yatsu, ki nutsa, ki ɗago, ki ɗan bubbuga a bakin kwano har rarar ta zube, ki goge gindin a gefen kwanon, ki zame ta kan takardar gashi. Ɓarɓashin kwakwa zai riƙa zuba a kwanon, shi ya sa nake raba cakulan ɗin gida biyu, in na farko ya yi datti in koma na biyu. Akwai wata dabara da ke rage wahala: tun kafin ki yanka, ki shafa siririn cakulan a bayan curin gaba ɗaya, ya daskare, sannan ki yanka. Kowace ɗaya ta samu tafin ƙafa ke nan, ba za ta karye a kan cokali ba. In kuma aikin ya yi miki yawa ana gobe biki, ki shafa sama da ƙasa kawai ki yanka da wuƙar da kika ɗumama kika goge. Gefen zai fito da jan cikin, yana da kyau a faranti, sai dai ba ya daɗewa kamar wanda aka rufe ruf.

Farin da kika gani shi ma iri biyu ne, ki shafa da yatsa ki gane. In ya yi gautsi kamar gari, na sukari ne: kin ciro daga firij, iska mai ɗumi ta sauka a kai ta zama raɓa, raɓar ta narka sukarin saman, da ta bushe ta bar shi a fili. In kuma ya yi santsi ya ɓace da shafawa, na mai ne, cakulan ɗin ya ɗan narke ya sake daskarewa, abin da ke faruwa in wuta na zuwa tana tafiya. Duka biyun ba sa cutarwa, ana ci, kyan gani ne kawai ya tafi. Ba ɗaya suke da fumfuna ba, ita tana da gashi-gashi da wari, in kin gan ta ki zubar duka. Maganin na sukari shi ne ki bar su minti goma kacal a firij su daskare, sannan ki jera a roba mai murfi da ke rufuwa gam, takarda tsakanin kowane layi, ki mayar da robar firij. Ranar da za ki ciro, kada ki buɗe robar sai ta yi kamar awa ɗaya a ɗaki. Raɓar sai ta sauka a bayan roba maimakon kan cakulan. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ki ninka kula, musamman ku da ke bakin fadama. Kada kuma ki ajiye kusa da kifi ko daddawa ko albasa, cakulan na kwasar wari.

In kwakwar ta bushe da kyau kuma an dafa cikin, yana yin kwana goma a firij lafiya. A ɗaki da hunturu, kwana huɗu zuwa biyar. Na dabino da zoɓo ki rage masa kwana biyu, ya fi damshi. In za ki sayar, ki rubuta ranar da kika yi a jikin leda, ki kuma faɗa wa mai saye akwai madara da kwakwa, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar su.

Batun kaiwa wurin biki, na taɓa ƙonuwa a kai. Wata shekara a watan Afrilu na yi guda ɗari biyu na wani ɗaurin aure a Jega, aka sa su a bayan mota da rana tsaka. Da aka buɗe, sun manne sun zama curi ɗaya, na mayar wa uwar amarya kuɗinta, kuma har yau ina jin nauyin matar. Tun daga ranar, a kula nake sawa, robobin a rufe, ƙanƙara a ɗaure cikin leda biyu an naɗe ta da tawul don kada ta taɓa su, kular kuma a cikin mota kusa da mutane, tafiyar da sassafe ko bayan la'asar. A wurin bikin a riƙa fitowa da faranti ɗaya-ɗaya, in ya ƙare a ɗauko wani.

Kafin ki sa farashi, ki yi rabin wannan awon sau biyu a gida, guda 12 kowane karo, ɗaya da ceri ɗaya da dabino. Ki rubuta abin da kika kashe har da gas da leda da ƙanƙara, ki raba da yawan da suka fito da kyau, ban da waɗanda suka karye. Ki ajiye guda biyu daga kowanne a roba, ki riƙa dubawa kullum har kwana goma, don ki ga da idonki yadda firij ɗinki da wutar unguwarku ke riƙe su. Ba ki faɗa mini watan bikin ba. In da hunturu ne, ki yi duka ana saura kwana uku. In ya faɗo a bazara, ki dafa cikin ki yanka ana jibi, ki tsoma da asubar ana gobe, ki kuma yanka su ƙanana, loma ɗaya-ɗaya, yadda baƙo zai jefa a baki kafin ya narke masa a yatsu.